Biyayya ga hukuma da zama da maƙwabci: Yadda Kiristocin Kudancin Kaduna ke fuskantar tambayoyi biyu da tarihi ya ƙulla

Fadan Kaje gari ne na al'ummar Bajju da ke kusa da Zonkwa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf a Jihar Kaduna. Sunan garin kansa yana ɗauke da tarihi. Fada kalmar Hausa ce da ke nufin mazaunin mai mulki, Kaje kuwa suna ne da Hausawa suka san mutanen da shi, alhali su suna kiran kansu Bajju, harshensu kuma Jju. Akwai irin wannan suna a wurare da dama na yankin, kamar Fadan Kagoma da Fadan Kamantan da Fadan Karshe, kuma kowanensu na tuna wa mutane zamanin da iko ke zuwa musu cikin harshen wasu, galibi kuma ta hannun mabiya wani addini.

A yau mafi yawan mutanen wannan yanki Kiristoci ne, suna zaune tare da Musulmi Hausawa da Fulani da kuma 'yan uwansu na jini da suka musulunta. Tambayoyi biyu sun daɗe suna yawo a majami'unsu: wace irin biyayya Kirista zai yi wa gwamnati, kuma da wane ido zai dubi wanda ba addininsu ɗaya ba? A littattafan koyarwar addini babi daban-daban ne. A Kudancin Kaduna kuwa tarihi ya ɗaure su da igiya ɗaya, kuma yawancin rikice-rikicen da yankin ya gani sun tashi ne a inda aka kasa kwance wannan ƙulli.

Abin da koyarwar ta tanada game da hukuma

Nassin da malaman Kirista suka fi kafa hujja da shi shi ne sura ta 13 ta wasiƙar da Manzo Bulus ya rubuta wa Romawa wajen shekara ta 57 miladiyya. A cikinta ya koyar da cewa mulki tsari ne na Allah, mai mulki kuma bawa ne da aka ɗora wa alhakin hukunta mai laifi da kare mai gaskiya, don haka wajibi ne a biya haraji a kuma girmama shi. Wasiƙar Bitrus ta farko ta maimaita wannan umarni, wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti kuma ta buƙaci a riƙa yi wa sarakuna addu'a. Wannan ne tushen al'adar da ake gani a majami'u ranar Lahadi, inda ake roƙa wa shugaban ƙasa da gwamna da sarakuna alheri, ko wane addini suke bi.

Abin lura shi ne sarkin da ke mulkin Rum a lokacin da aka rubuta wasiƙar, wato Nero, ba Kirista ba ne, daga baya ma shi ne ya tsananta wa Kiristoci. Daga nan malamai suka fitar da hukuncin cewa addinin mai mulki ba ya cikin sharuɗɗan yi masa biyayya. Kirista a Zonkwa yana da alhakin bin doka a ƙarƙashin gwamna Musulmi daidai da yadda yake da shi a ƙarƙashin gwamna Kirista.

Sai dai biyayyar tana da iyaka, kuma iyakar ma daga Littafi Mai Tsarki aka samo ta. A sura ta 5 ta Ayyukan Manzanni, lokacin da majalisar Yahudawa ta hana almajirai wa'azi, sun amsa da cewa umarnin Allah yana gaba da na mutum. Littafin Daniyel ya ba da labarin ma'aikatan fadar Babila da suka yi wa sarki hidima da aminci, amma suka ƙi yi wa gunki sujada. Cikin waɗannan labarai babu wanda ya ɗauki makami. Sun ƙi bin umarnin a fili, suka kuma karɓi hukuncin da ya biyo baya. Bulus da kansa ya yi amfani da 'yancinsa na ɗan ƙasar Rum ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar.

Majami'u a wasu ƙasashe sun sha gwagwarmaya da wannan iyaka. A Jamus, wasu limamai sun fitar da sanarwar Barmen a 1934 don ƙin miƙa coci ga gwamnatin Hitler. A Yuganda, an kashe Babban Bishop Janani Luwum a watan Fabrairun 1977 bayan ya ƙalubalanci kashe-kashen gwamnatin Idi Amin. A Afirka ta Kudu, takardar Kairos ta 1985 ta soki yadda gwamnatin wariyar launin fata ke fakewa da sura ta 13 ta Romawa don rufe bakin jama'a.

Lokacin da iko ya zo da fuskar wani addini

Kafin zuwan Turawa, dangantakar ƙabilun kudancin ƙasar Zazzau da masarautun Zazzau da Jama'a ta haɗa da ciniki da biyan gandu da kuma hare-haren kamun bayi. Da Turawan Ingila suka kafa mulki ta hannun sarakuna, sai suka bar Bajju da Atyap, waɗanda Hausawa ke kira Katab, a ƙarƙashin En'e ta Zazzau, inda hakimin Zangon Katab, wanda Sarkin Zazzau ke naɗawa, yake karɓar haraji, alkalai kuma suke yanke hukunci. Kagoro da Jaba da Marwa ne suka samu zama da sarakunansu na kansu.

A cikin wannan yanayi 'yan mishan suka iso. Ƙungiyar SIM ta buɗe tasha a Kwoi a 1910, sannan a Kagoro a shekarun 1920, daidai lokacin da layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa. Katolika da Baftis da Angilikan suka biyo da makarantu da asibitoci. A 1954 majami'un SIM suka zama cocin ECWA mai cin gashin kanta.

'Yan mishan sun koyar da biyan haraji da nisantar siyasa. Amma karatun da suka kawo ya haifar da matasan da suka iya rubuta takardar koke, suka kuma fara tambayar dalilin da ya sa ba za a naɗa musu sarki daga cikinsu ba. A 1946 wasu Atyap suka ƙi biyan haraji da yin aikin tilas, aka kama shugabanninsu aka ɗaure. Ƙorafe-ƙorafe irin waɗannan sun kai gaban kwamitin Willink da ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958. A Kagoro kuwa, Malam Gwamna Awan, wanda ya tashi a hannun mishan, ya hau sarauta a 1945 ya riƙe ta har rasuwarsa a 2008, abin da maƙwabta suka riƙa kafa misali da shi.

Malamin tauhidi Farfesa Yusufu Turaki na cocin ECWA ya yi dogon nazari a kan wannan zamani, inda ya nuna cewa tsarin mulkin mallaka ya jera al'ummomi hawa-hawa bisa ƙabila da addini. Illar hakan ita ce a idon manomin Bajju, mai karɓar haraji da alƙali da ɗan kasuwa Bahaushe duk sun zama abu guda. Fushin da ya kamata ya tsaya a kan tsarin mulki sai ya riƙa sauka a kan maƙwabci, wanda shi ma sau da yawa talaka ne da aka haifa a garin, ba shi da wani gida da ya wuce shi.

Ra'ayoyi game da sauran addinai

Addinin da Kiristocin farko na yankin suka fara karo da shi ba Musulunci ba ne, addinin iyayensu ne. A tsakanin Bajju da maƙwabtansu akwai ƙungiyar asiri ta maza da Hausawa ke kira dodo, wadda ke riƙe da tarbiyya da hukunci a ƙauye. Sababbin tuba sun ƙi shiga al'adunta, abin da ya raba gidaje da dama. A yau dodo ya ja baya ƙwarai, amma kiɗa da rawa da bukukuwan al'ada sun dawo da sabon salo, kamar bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, wanda Kiristoci ke halarta a matsayin gadon kakanni.

Muryar da ta fi tasiri a ɓangaren majami'un bishara ita ce ta Dokta Byang Kato, ɗan ƙasar Kwoi, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren ECWA kafin ya jagoranci ƙungiyar majami'un bishara ta Afirka, ya kuma rasu a Kenya a watan Disambar 1975. Kato ya yi gargaɗi a kan cakuɗa addinai, ya tsaya a kan cewa ceto ta wurin Yesu Almasihu kaɗai yake, tare da ƙarfafa Kirista ya riƙe al'adunsa na Afirka waɗanda ba su saɓa wa nassi ba. Mafi yawan majami'un yankin suna kan wannan matsayi, suna kuma ɗaukar yaɗa bishara a matsayin umarni. Amma malamansu na haɗa shi da wasu nassosi: labarin Basamariyen da ya ceci mutumin da ba addininsu ɗaya ba, umarnin zama lafiya da kowa gwargwadon iko a sura ta 12 ta Romawa, da gargaɗin Bitrus cewa a bayyana bangaskiya cikin tawali'u da ladabi.

Ɗarikar Katolika ta ƙara wani mataki a babban taronta na Vatican na biyu. Sanarwar da ta fitar ranar 28 ga Oktoban 1965 ta bayyana girmamawa ga Musulmi a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya, masu sallah da azumi da sadaka, ta kuma yi kira da a bar gabar da ta wuce. Wata sanarwar ta watan Disambar wannan shekara ta ce bai halatta a tilasta wa kowa addini ba. Ɗan Najeriya, Kadinal Francis Arinze, shi ne ya shugabanci ofishin fadar Paparoma mai kula da tattaunawa da sauran addinai daga 1984 zuwa 2002. A ɓangaren Angilikan, Babban Bishop Josiah Idowu-Fearon, tsohon Bishop na Kaduna, ya yi karatu mai zurfi a kan Musulunci, ya kuma shafe shekaru yana koyar da Kiristoci abin da Musulmi suka yi imani da shi.

Akwai kuma abin da ya haɗa ɓangarorin biyu wanda ba a cika kula da shi ba, wato harshe. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, majami'u da yawa a Kudancin Kaduna da Hausa suke sujada. Kalmomin Allah da annabi da mala'ika da addu'a da gafara duk na tarayya ne tsakanin coci da masallaci. Wannan kusanci yana sauƙaƙa fahimtar juna, yana kuma sa kowace kalmar ɓatanci ta isa kunnen maƙwabci ba tare da tafinta ba.

Inda aka gwada koyarwar

Ranar 6 ga Maris 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ɗalibai Kiristoci suka gayyaci Rabaran Abubakar Bako, wanda ya bar Musulunci ya koma Kirista, don ya yi wa'azi. Ɗalibai Musulmi suka zarge shi da karkatar da ayoyin Alƙur'ani da taɓa martabar Manzon Allah. Faɗan ya fita daga makaranta ya shiga gari, aka rasa rayuka, aka ƙona masallatai. Cikin 'yan kwanaki tarzoma ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, inda aka ƙona majami'u sama da 100. Tun daga lokacin tambayar ta tsaya a gaban masu wa'azi na ɓangarorin biyu: ina iyakar bayyana abin da ka gaskata, ina kuma cin mutuncin abin da wani ya riƙe da tsarki ya fara?

A watan Fabrairun 1992 rikici ya ɓarke a Zangon Kataf kan mayar da kasuwa wani sabon wuri, ya sake tashi da muni a watan Mayu, inda aka kashe ɗaruruwan mutane, akasarinsu Hausawan garin, kafin ramuwar gayya ta kai Kaduna da Zariya. Kotun musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya da wasu 'yan Atyap hukuncin kisa a 1993, bisa dokar soja da ta hana ɗaukaka ƙara. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sassauta hukuncin zuwa ɗauri, daga baya kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta ce shari'ar ta saɓa wa ƙa'idar adalci. Kiristoci da yawa sun ɗauki shari'ar a matsayin son kai, Musulmi da yawa kuma sun ɗauki sassaucin a matsayin zubar da jinin 'yan uwansu a banza. Kowane ɓangare ya tashi da raguwar amincewa da hukuma.

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilun 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum sama da 800 a jihohi 12 na Arewa. An kashe Kiristoci an ƙona majami'u a garuruwan da Musulmi suka fi yawa, a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan kuma aka kashe Musulmi masu yawa, dubbai suka tsere. Wannan ya faru ne lokacin da Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma kuma Kirista na farko da ya zama gwamnan farar hula na jihar, yake kan mulki. Samun gwamna ɗan addinin mutum bai hana jini zuba ba.

A shekarun baya-bayan nan hare-haren 'yan bindiga a ƙauyuka sun sabunta wata tsohuwar muhawara. Bayan 1987 an riƙa jin wasu na cewa an mari kumatu biyu, babu na uku da za a juya. Marigayi Bishop Joseph Danlami Bagobiri, wanda ya jagoranci Katolika a Kafanchan daga 1995 har rasuwarsa a 2018, ya yi fice wajen zargin hukumomi da gazawa a kan kare ƙauyuka. A watan Satumbar 2023 maharan sun ƙona gidan limaman cocin Katolika a Fadan Kamantan, wani ɗalibi mai koyon aikin limanci ya mutu a ciki. Koyarwar Katolika, da ra'ayin malaman majami'u da dama, ta yarda mutum ya kare ransa da iyalinsa daga wanda ya auka masa, sashe na 33 na kundin tsarin mulki ma ya amince da hakan. Abin da koyarwar ta haramta shi ne ramuwa, wato tare hanya a kashe matafiyi ko a auka wa rugar da ba ta san hawa ba balle sauka. Sura ta 13 ta Romawa ta ɗora hukunta mai laifi a wuyan hukuma, don haka nassin da ya umarci talaka da biyayya shi ne kuma yake tuhumar gwamnatin da ta bar shi ba kariya.

Ƙin yarda ta hanyar doka

Misalin da ya fi nuna yadda za a saɓa wa gwamnati ba tare da tayar da hankali ba shi ne na dokar wa'azi. A 2016 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta aika wa majalisar dokokin jihar ƙudirin sabunta dokar soja ta 1984, wanda ya tanadi bai wa masu wa'azi lasisi da taƙaita amfani da lasifika. Gwamnati ta ce manufarta ita ce daƙile kalaman tunzura jama'a, tana mai nuni da tarihin jihar. Shugabannin Kirista da wasu malaman Musulunci suka ce neman izini kafin wa'azi ya ci karo da sashe na 38 na kundin tsarin mulki, wanda ya ba kowa 'yancin bin addini da sauya shi da yaɗa shi. Ƙungiyar majami'un Pentikostal ta PFN ta garzaya kotu. Majalisa ta amince da ƙudirin a watan Yunin 2019, a cikin watan kuma Babbar Kotun Jihar ta yanke cewa tilasta wa fastoci karɓar lasisi ya saɓa wa tsarin mulki. An yi zazzafar jayayya a majalisa da jaridu da zauren kotu, ba a ƙona gidan kowa ba.

Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, wanda aka haifa a ƙasar Ikulu cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, yana wakiltar irin wannan tafarki. Ya yi wa gwamnati aiki a matsayin sakataren kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam, yana kuma cikin jagororin kwamitin zaman lafiya na ƙasa da Janar Abdulsalami Abubakar ke shugabanta. Duk da haka saƙonsa na Kirsimetin 2020, wanda ya soki gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari, ya jawo martani mai zafi daga fadar shugaban ƙasa da wasu ƙungiyoyin Musulmi. Masu goyon bayansa na ganin faɗa wa mai mulki gaskiya wani nau'i ne na yi masa hidima, masu sukarsa kuma na ganin kalaman limami a ƙasa mai rauni irin wannan suna buƙatar ƙarin taka-tsantsan.

Matakan kwance ƙullin

Wasu matakan gwamnati sun taimaka wajen raba batun mulki da na addini. A 1995 gwamnatin soja ta Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta ƙirƙiro masarautun Bajju da Atyap, aka naɗa Malam Nuhu Bature a matsayin Agwam Bajju na farko. Bayan rikicin shari'a na 2000, Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi ya ƙara yawan masarautu, ya kuma tsara kotunan shari'ar Musulunci da na gargajiya su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, kowa da wadda ta dace da shi.

Shugabannin addini ma sun taka rawa. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a faɗan 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan uwansa a rikicin, sun kafa cibiyar sasanci tun 1995, kuma da ƙoƙarinsu malamai 22 na addinan biyu suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ranar 22 ga Agustan 2002. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar Kafanchan, inda suka nemi gafarar juna. A 2017 jihar ta kafa hukumar zaman lafiya ƙarƙashin Idowu-Fearon.

Waɗannan yarjejeniyoyi ba su kawo ƙarshen kashe-kashe ba, amma sun nuna rabon aikin. Majami'a ce za ta ci gaba da koya wa mabiyanta cewa mai sayar da hatsi a kasuwar Zonkwa ba shi ne gwamnati ba, kuma laifin ɗan bindiga ba ya hawa kan duk mai sallah. Masallaci na da irin wannan nauyi game da maƙwabtansa. Gwamnati kuwa ita ke riƙe da abin da zai sa wa'azin biyayya ya shiga kunne: isowar jami'an tsaro kafin a gama ƙona ƙauye, gurfanar da wanda ya yi kisa ko wane ne shi, da aiwatar da rahotannin kwamitocin binciken da aka yi ta kafawa tun daga 1987.